Muryar Mama Tránsito

Medellín, 4 ga Maris

Yaya Ludivia,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Mama da duk mutanen Playa Honda. Ina ruwa? Na ji an ce kogi ya cika har ya taɓa matakalar coci.

Wannan kwalin da Kawu Aristarco zai miƙo miki daga kwale-kwalensa, kada ki bari ya jiƙe, kuma don Allah kada ki ɗora masa tukunya, na san halinki. A ciki akwai kwamfutar tafi-da-gidanka, tsohuwa ce amma tana aiki, da makirfo, da wani ɗan jan akwati, da wayoyi biyu. Mai situdiyon da nake yi wa aiki ne ya bar min su da ya sayo sababbi.

Sista Inés, wadda ke zuwa wajenku a jirgin coci, ta tare ni ran Lahadi bayan an tashi daga coci, ta faɗa min abin da likitan garin Quibdó ya gani a maƙogwaron Mama. Ke kuwa kina ta rubuto min wai mura ce. Ban yi fushi ba. To, na yi, amma ya wuce.

Ga abin da nake so. Shekara hamsin Mama tana jan waƙar rakiyar matattu a ƙauyukan kogin nan, ba wanda ya taɓa naɗar ko baiti ɗaya. Ni kuma nan kullum ina jona wa 'yan gayu makirfo, yaran da ba su iya ko riƙe numfashi ba, a naɗe su sau talatin a gyara. Ranar da muryar Mama ta tafi, shi ke nan, ta tafi. Ki naɗa min ita.

Ba wuya. Wayar nan mai kauri, mai haƙora uku, ki sa bakinta ɗaya a gindin makirfo, ɗayan a gaban jan akwatin. Ki tura sai kin ji ƙas. Siririyar wayar kuma daga bayan akwatin zuwa gefen kwamfuta. Ki buɗe abin da na sa wa suna MAMA a fuskar kwamfutar, ki danna jan ɗigon da ke sama. Tsakanin bakinta da makirfo kada ya wuce taƙi ɗaya. Ki yi caji a solar makarantarku, kada ki naɗa janareta yana kunne. In ana ruwa ki haƙura, rufin kwano zai cinye muryar. Malamar makaranta guda, wannan ba zai gagare ki ba.

Ki gaishe da Mama. Ki ce mata autanta yana cin abinci, har ya fara tumbi.

Ƙaninki,
Baudilio


Playa Honda, 19 ga Maris

Baudi,

Bayan gaisuwa, muna nan da rai. Ruwa ya ja baya, ya bar mana laka da sauro.

Kwali ya iso a bushe. Kawu Aristarco ya naɗe shi da rigar ruwansa, shi kuwa ya iso a jiƙe sharkaf yana cewa, "Ki faɗa wa ɗan birnin nan, ko amarya ban taɓa ɗaukowa da irin wannan lallami ba." A mashigar kogi masu bindiga sun tsayar da shi kamar kullum, amma ya riga ya cusa kwalin ƙarƙashin buhunan gishiri, ba su ɗaga ba. Ka san tun bara da suka karɓe wa kowa wayar hannu, ba sa son ganin abu mai ido ko mai kunne.

Maganar mura, eh, ƙarya na yi maka. Me za ka yi da gaskiyar daga can? Ka zo? Mutanen da ka tsere wa shekara goma sha biyu da suka wuce don kada su rataya maka bindiga, su ne dai a bakin kogin, sai ma ƙaruwa da suka yi.

Na jona komai yadda ka ce. Mama tana zaune a kan kujerarta tana ɓare agade tana kallona.

"Wannan baƙin abu mai kama da taɓarya fa?"

Na ce, "Baudilio ne ya aiko, ki yi waƙa a ciki."

"Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, Mama."

"To wa zan raka?"

Na yi bayani har bakina ya bushe. Ta ajiye wuƙar ta ce, "Waƙar nan ba a yin ta a ɗakin da babu gawa. Hanya muke buɗewa da ita. In na buɗe ba mai tafiya, wani zai bi ta. Yaron nan ya daɗe a birni har ya manta da wannan?"

Da ƙyar ta yarda ta yi ta wanki, wadda mata ke yi a bakin ruwa. Ta yi baiti uku. Da safe muryarta kamar ana jan kwano a ƙasa, amma in rana ta ɗaga takan buɗe, sai ka rantse ba abin da ke damunta. Na danna jan ɗigo, na zauna kamar wata gwana.

Da muka kunna, kaji muka ji. Zakaran Inna Petrona, matar Kawu, shi ne babban mawaƙi, sai ƙarar tsintsiyar maƙwabta, sai Mama can nesa kamar daga cikin rijiya. Na ƙwanƙwasa makirfon naka da yatsa, na hura shi, ko gezau. Ina ganin kwamfutar ce take ji da ɗan kunnenta, naka kurma ne. Mama ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Injin ƙaninki ya fi son kaji." Dariyar ta juye tari. Ta rufe baki da ƙyalle, ta tura shi ƙarƙashin cinya da sauri, amma na ga abin da ke jiki.

Yanzu ba ta iya haɗiye komai sai romon kifi, shi ma a hankali. In akwai abin da na yi ba daidai ba, ka faɗa da wuri. Amma kada ka sa rai da waccan waƙar. Ka san uwarka.

Tana gaishe ka. Ta ce tumbi ba lafiya ba ne.

Yayarka,
Ludivia


Medellín, 30 ga Maris

Yaya Ludivia,

Ina gaisuwa. Na karanta wasiƙarki a tsaye a tashar mota, na yi dariyar zakara, daga baya na kasa shiga motar.

Laifina ne, ba naki ba. Abu biyu na manta, don ni hannuna ke yi ba tare da na yi tunani ba. A gaban jan akwatin akwai ƙaramin maɓalli an rubuta 48V a kansa. Irin wannan makirfon ba ya ji sai an ba shi wuta, ki danna sai fitila ta kama. Na biyu, a cikin shafin naɗar, kusa da hoton makirfo, akwai jerin sunaye. Ki zaɓi na biyu, shi ne akwatin. In ba haka ba kwamfutar za ta ci gaba da sauraron kaji. Sannan ki murɗa dunƙulen da ke gefen wayar a hankali, Mama tana magana, har fitilar ta riƙa yin kore. In ta yi ja, kin zarce, ki rage. Na haɗo da wata wayar ko da waccan ta sha laima, na kuma zana miki komai a takarda daban, da kibiyoyi, na naɗe wayar a ciki.

Yanzu maganar Mama. Ba zan yi gardama da ita ba, ban taɓa cin nasara ba. Amma na san wani abu. Tana yin waƙoƙin nan ita kaɗai ba ta sani ba, ƙasa-ƙasa, in tana ɓare agade ko tana gyaran kifi. Tun ina yaro nake jin ta. Don haka ki bi abin da na rubuta a ƙasan zanen da manyan baƙaƙe: ki ɓoye makirfon inda ba za a gan shi ba, ki bar shi a kunne, ki naɗi komai, kada ki bari a sani.

Za ki ce sata ce. Wataƙila. Yaya, da Baba ya rasu sai bayan kwana huɗu na ji. Na rufe ɗakina na ce bari in raka shi da kaina, na buɗe baki, baiti ɗaya da rabi na iya tunawa. Na tsaya nan kamar sakarai. Ku kuna da gawa, kuna da kabari, kuna da juna. Ranar Mama ma haka za a yi, ba zan kasance a wurin ba, na sani, kin sani. Ina so in sami abin da zan kunna.

Ki gode wa Kawu Aristarco. Na saya masa sabuwar rigar ruwa, tana nan tafe a zuwa na gaba.

Ƙaninki,
Baudilio


Playa Honda, 14 ga Afrilu

Baudilio,

Ina gaishe ka. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba. Wannan takardar ta hannun Sista Inés za ta zo maka, a jirgin coci.

An kashe Kawu Aristarco.

Ran Talata suka tsayar da shi a mashigar kogi. Wannan karon sun zazzage kaya. Suka ga wayar makirfon, suka warware takardar da ka naɗe ta a ciki, suka ga zanen akwati da kibiyoyi da manyan baƙaƙenka. Wasiƙar kanta tana cikin hularsa, inda yake sa wasiƙu don kada su jiƙe, ba su gan ta ba sai daga baya. Wata mata da ke cikin kwale-kwalen ta ce ya yi ta faɗa musu, "Na waƙa ne, 'ya'yana, na tsohuwa Tránsito ne, kun san ta." Suka ce wa ya aiko shi ya naɗi maganarsu. Suka sauke fasinjoji, suka shiga da shi cikin ciyawa. Ran Alhamis masunta suka tsamo shi a ƙasan lanƙwasa. Ba zan faɗa maka yadda hannuwansa suke ba.

A ranar Alhamis ɗin da rana babbansu, wanda suke kira Kwamanda, ya hawo matakalarmu da mutum biyu. Yana riƙe da wasiƙarka da zanen. Ya zauna a kan bencin Baba ba wanda ya ba shi izini.

"Malama, ina injin?"

Na ɗauko. Ya ce in kunna abin da ke ciki. Na kunna masa kaji. Ya saurara har ƙarshe, har baitin Mama uku na wanki, yaransa suna ƙunshe dariya. Sai ya buɗe wasiƙarka ya karanta ta da ƙarfi tun daga gaisuwa, yana bin layi da yatsa, har wurin Baba, har rigar ruwan. Mama tana zaune tana ji. Da haka ta san abin da ka ce in yi mata.

Ya ninke ta ya ce, "Ashe dai tsohon gaskiya ya faɗa." Kamar mai maganar farashin kifi. Sannan ya ce, "Wannan Baudilio, ba shi ne ɗan da ya gudu ba? Rubutunsa da kyau." Ya yage kusurwar ambulan mai adireshinka ya sa a aljihu, ya ajiye min sauran a kan tebur. Ya ce in naɗi uwata, shi ma kakarsa mawaƙiya ce, zai aiko a karɓi injin in na gama. Ya ce maganar Kawu kuma, ba kwanan zaman makoki, a yi abin da za a yi da rana, a binne kafin la'asar.

Suka sauka suka tafi. Can Mama ta ce, "Ɗauko min farin mayafina. Ki ɗauko taɓaryar ma. Yanzu akwai gawa."

Washegari da hantsi muka taru a gidan Inna Petrona. An shimfiɗe shi a kan tebur, kyandir huɗu, da kofin ruwa a ƙarƙashi. Na kafa makirfon a bayan kujera na ɗaure shi da igiyar shanya. Na bi abin da na ji daga bakin Kwamanda, don a bakinsa na fara jin bayaninka. Na danna maɓallin, fitila ta kama. Na zaɓi suna na biyu. Mama ta ja numfashi, fitilar ta yi kore tun kafin ta buɗe baki.

Ban taɓa jin ta haka ba, Baudi, ko a ranar Baba. Farko muryar ta ƙi fitowa, iska kawai. Ta tsaya, ta kurɓi ruwa, ta dafa kafaɗar Inna Petrona, ta sake ɗauka. Ta kira shi da sunansa, ta ce ya ajiye gorar tuƙi, ya sauka, wannan ƙetarewar wani ne zai tuƙa shi. Matan da suka taru suka amsa. Sau biyu fitilar ta yi ja, na rage. Maza suna tsaye a waje cikin rana, hula a hannu, ba mai motsi. Yaran Kwamanda biyu suna ƙarƙashin bishiyar gwaiba suna kallo, ɗayansu ya juya mana baya.

Ta yi awa biyu da 'yan mintoci. A waƙa ta tara muryar ta tsinke a tsakiyar baiti. Ta buɗe baki, ba komai. Matan suka ƙarasa mata. Na riƙe ta muka fita ta baya, ta yi aman jini a gindin ayaba.

Tun ranar ba ta ƙara magana ba. Da hannu take nuna abin da take so. Na tambaye ta ko in kunna mata ta ji kanta, ta girgiza kai.

Makirfonka yana aiki. Komai ya fito tar, har kukan Inna Petrona, har ƙarar ƙusa da ake buga wa akwatin gawa a waje.

Ka bar wannan ɗakin naka, yau ba gobe ba. Ba na ɗora maka laifi a takarda. Ni ma na karɓi kwalin, na kuma ce ka faɗa da wuri. Amma kada ka ƙara aiko da komai ta kogi.

Ludivia


Medellín, 25 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaisuwa, in har kina karɓar gaisuwata.

Na koma wurin wani abokin aiki a wata unguwa. Sista Inés ta san inda nake, ke ba sai kin sani ba, ya fi miki sauƙi in an tambaye ki.

Kwana huɗu ban je aiki ba. Ran da na koma aka ce in jona wa wani yaro makirfo, na ɗauki wayar na ji ƙas ɗin nan, sai na ajiye na fita. Kawu ne ya koya min iyo. Shi ya fitar da ni daga Playa Honda a kwance ƙarƙashin ganyen ayaba, yana fito kamar ba komai. Ni kuma na rubuta masa ajalinsa da manyan baƙaƙe don kada ki kasa karantawa. Rigar ruwan tana nan a ledarta, ban san inda zan kai ta ba.

Ki durƙusa a gaban Inna Petrona a madadina. Ban san abin da za ki ce mata ba. Ki ce wa Mama ta yafe min satar da na shirya yi mata. In ta ɗaga hannu ko ta juya kai, ki faɗa min wanne ta yi, kada ki gyara.

Ki ba su injin in sun zo, kada ki yi musu gardama ko kaɗan. Abin da ke ciki kuma, na rubuta cewa ki goge, na soke. Na rubuta ki aiko min, na soke. Ba ni da bakin roƙo. Amma ita ce waƙarta ta ƙarshe, Yaya, kuma ni kaɗai ne ban ji ba.

Allah ya tsare ku.

Baudilio


Playa Honda, 9 ga Mayu

Baudi,

Na karɓi gaisuwarka.

Mama ta rasu ran Litinin da safe, tana zaune a kujerarta. Na karanta mata wasiƙarka kwana biyu kafin nan. Ba ta ɗaga hannu ba, ba ta juya kai ba. Ta karɓi takardar ta riƙe a cinya har ta yi barci. Ban gyara ba.

Ni na ja waƙar. Ban kai ta iyawa ba, amma matan sun riƙe ni, mun raka ta har makabarta.

Sun zo sun karɓi kwamfutar da makirfon da akwatin tun makon jiya. Kafin su zo na kwafe waƙar a memorin ƙaramar rediyon Inna Petrona, don mijinta aka yi wa. Babu wani kwafi a ko'ina. Kullum da rana tana rufe ƙofa ta kunna ƙasa-ƙasa.

Na durƙusa mata kamar yadda ka ce, na kuma roƙa maka aron memorin. Ta ce, "Ba ya barin gidan nan. In yaron yana so ya ji uwarsa, ya zo ya zauna a kan wannan kujerar, ya dube ni, in kunna masa da hannuna."

Kwamanda ya tambaye ni lafiyarka sau biyu.

Ni ban ce ka zo ba. Saƙo aka ba ni, na isar.

Ka huta lafiya.

Yayarka,
Ludivia